Yadda Ake Ziyartar Gidan Tarihin Jiragen Sama da Kumbuna Tare da Abokai

Gidan tarihin jiragen sama ba a cinye shi a yini ɗaya. Duk ayarin da ya shiga da niyyar sai ya ga komai, da ciwon ƙafa zai fito, bai kuma riƙe labarin jirgi ko ɗaya ba. Don haka tun daga gida ake fara shiri.

Da farko ku tsayar da ginin da za ku je. Gidan tarihin Smithsonian na jiragen sama da sararin samaniya a Amurka, alal misali, gida biyu ne: ɗaya a tsakiyar birnin Washington, an buɗe shi a 1976, ɗaya kuma a jihar Virginia kusa da filin jirgin Dulles, an buɗe shi a 2003. Mai son ganin jirgin 'yan'uwan Wright na 1903, jirgi mai inji na farko da ya tashi da mutum, Washington zai nufa. Mai son kumbon Discovery ko jirgin Concorde kuwa, sai Virginia. In ba ku daidaita wannan ba, a hanya za a fara musu. Ku duba lokacin buɗewa, ku kuma bincika ko sai an kama gurbi tukuna, domin akwai inda shiga kyauta ce amma sai da tikiti mai ɗauke da lokaci.

Na biyu, kuma shi ne ƙashin bayan tafiyar: kowane aboki ya zaɓi abu guda, ya karanta labarinsa kafin ranar, in an iso gabansa shi ne jagora. Mutum biyar, labari biyar, ya wadatar. Wanda ya ɗauki jirgin Wright zai gaya muku cewa ranar 17 ga Disamba, 1903, a tashinsa na farko daƙiƙa 12 kacal ya yi a sama, ya ci tazarar ƙafa 120, matuƙinsa na kwance rub da ciki a kan fiffike. Katako ne da yadi, da sarƙa mai juya farfela, ba mamaki tunda wa da ƙanen da suka ƙera shi sana'ar keke suke yi. Daga nan mai labarin Apollo 11 ya ja ku zuwa kumbon Columbia. Shekara 66 ce kawai tsakanin abubuwan nan biyu. Ku leƙa cikinsa da kyau: a ɗan ƙuƙumin wurin nan, wanda bai wuce cikin mota ba, Armstrong da Aldrin da Collins suka tafi duniyar wata suka dawo cikin kwana takwas a 1969.

In kun shiga, kada ku tsaya a gaban jirgi ku ɗauki hoto ku wuce. Ku zagaya shi, ku duba lanƙwasar fiffike, ku nemi inda matuƙi ke zama, sannan ku tambayi junanku dalilin da ya sa aka yi shi haka. Nan ne amfanin zuwa da abokai yake, don abin da idon wani ya tsallake, na wani zai kama. Jirgin Spirit of St. Louis, wanda Charles Lindbergh ya tuƙa shi kaɗai daga New York zuwa Paris a 1927, ba shi da tagar gaba. Tankin mai ne ya tare wurin, sai dai ya leƙa ta gefe ko ta wani ɗan madubin hange, haka har awa 33 da rabi. Mai sauri ba zai lura da wannan ba.

Ku riƙa karanta ɗan allon bayanin da ke gefe, musamman don sanin ko abin na asali ne ko kwaikwayo. Duk tauraron ɗan'adam Sputnik 1 da kuka gani a rataye, ba shi ne wanda Tarayyar Sobiyet ta harba a 1957 ba, wancan ya ƙone a hanyar faɗowa a farkon 1958. In kun ga masu yi wa baƙi bayani, ku tare su da tambaya. Da yawansu tsofaffin matuƙa ne ko injiniyoyi, kuma bakinsu ya fi allo daɗi.

Bayan awa biyu, ku ware wurin haɗuwa da lokaci, kowa ya kama gabansa. Dole a sami mai son injuna da mai son rigunan 'yan sama jannati, tilasta musu tafiya tare ɓata rai ne kawai. Masu sha'awar na'urar kwaikwayon tuƙi su shiga kafin cin abinci, don wasu har kifar da mutum suke yi. Wajen hoto kuma, a sa mutum ya tsaya kusa da tayar jirgi, ta haka girmansa zai fito.

Taɓa kaya haramun ne a irin wuraren nan, sai inda aka rubuta an yarda. A ginin Washington akwai wani ɗan guntun dutsen wata da tawagar Apollo 17 ta kawo a 1972, an ajiye shi musamman don a shafa. Ya yi sulɓi saboda yawan yatsun da suka bi ta kansa. Ku hau layi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗora nasa.