Darasi na Tara: Tambayar Gwamnati Inda Kuɗi Suka Tafi

Duk inda mutane suka taru ba a rasa hirar gwamnati. Wannan ya ce hanya ta lalace, wancan ya ce asibiti ba magani, a yi tsaki a watse, gobe a sake. A darasin nan za mu koyi yadda ake juya irin wannan hira ta zama tambayar da sai an amsa.

Da farko a san wa ake tambaya. A yawancin ƙasashe gwamnati kashi uku ce: majalisa mai yin doka da amincewa da kasafin kuɗi, ɓangaren zartarwa mai kashe kuɗin, sai kotu mai raba gardama. Wanda ya kai kukan lalacewar famfo gaban alƙali ya yi asarar tafiya.

Kasafin kuɗi takarda ce da ke nuna abin da gwamnati ke sa ran samu da abin da za ta kashe a shekara. Alkawarin da bai shiga cikinta ba, zance ne kawai.

Ga abin da ya faru a jihar Rajasthan ta Indiya a shekarun 1990. Leburorin da ke ayyukan gwamnati a ƙauyuka sun ga ana tauye musu lada. Da yawansu ba su iya karatu ba. Sai aka samo kwafin takardun biya, aka tara jama'a a fili, mai karatu ya miƙe yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin da aka ce an ba kowa. Nan fa aka ji sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa, wai sun yi aiki sun karɓi kuɗi. Aka ji lissafin gine-ginen da kowa ya san ba a gama ba. Ku lura, wanda ya gano ƙaryar ba mai karatun ba ne, masu sauraro ne, don su suka san mamatan. Wannan gwagwarmaya ta taimaka aka kafa dokar neman bayanai ta Indiya a 2005, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambayar hukumar gwamnati bayani, ita kuma ta amsa cikin kwana 30.

Irin dokar nan ba sabuwa ba ce. Suwidin ta yi tata tun 1766. Ta Nijeriya, ta 2011, kwana 7 ta bayar. A birnin Porto Alegre na Brazil kuwa, daga 1989 mazauna unguwanni suka fara zama suna zaɓen ayyukan da za a sa a gaba a kasafin kuɗin birnin.

Yanzu dubi waɗannan biyu:

"Me ya sa ba kwa yi mana aiki?"

"Nawa aka ware don gyaran makarantarmu a bana, wa aka ba kwangilar, yaushe zai gama?"

Ta farko ma'aikaci zai ce a yi haƙuri, shi ke nan. Ta biyu sai ya buɗe fayil. Ku rubuta ta, ku sa kwanan wata, ku riƙe kwafi, a buga muku hatimin karɓa. Kada a manta da hatimin nan, don takardar da ba shaidar karɓa saurin "ɓacewa" gare ta.

Aikin aji: ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi aiki ɗaya da aka fara aka bari, ya rubuta tambaya mai ɗauke da nawa, wa, da yaushe. Mutum ɗaya ya karanta wa aji da ƙarfi.