Babi Na Bakwai: Awon Fili Kafin Kafa Tanti

Idan yaƙi ko ambaliya ko girgizar ƙasa ta kori mutane daga gidajensu, abin da kowa yake fara nema shi ne inda zai sa haƙarƙarinsa a daren farko. Babu mai tunanin awo a wannan dare. Kowa ya samu wuri sai ya ɗaura zane ko leda, ya tura yara ciki. Matsalar ita ce, inda aka kafa turke a makon farko, galibi nan za a zauna shekara da shekaru. An buɗe sansanin Dadaab a ƙasar Kenya a 1991 domin mutanen da suka gudo daga Somaliya. An tsara shi don mutum 90,000 ne, aka kuma ɗauka zaman na ɗan lokaci ne. A 2011 mutanen da ke cikinsa sun haura 400,000, kuma akwai waɗanda aka haifa a can, suka yi aure a can, suka haifi nasu 'ya'yan a can.

Shi ya sa a wannan babi za mu koyi awo da lissafi. Ba sai injiniya kaɗai ke iya wannan aiki ba. Duk wanda ya iya ƙirga taku, ya iya ninka lamba, zai iya duba ko an tsara matsuguni daidai, ya kuma yi magana idan an yi ba daidai ba.

Duba ƙasa tukuna

A 1997 ƙungiyoyin agaji suka haɗu suka fara tsara wasu ƙa'idoji da ake kira Sphere, waɗanda suka fayyace mafi ƙarancin abin da ya kamata mai gudun hijira ya samu. Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, ita ma tana da nata ma'aunai, kuma sun yi kusa da juna. Lambobin da za ku gani a nan daga can suka fito.

Abu na farko shi ne ruwan sama. Filin da ya kwanta shimfiɗe sarai yana da kyaun gani, amma ruwa ba ya samun hanyar fita, sai ya taru ya zama tabki a tsakar gida. Filin da ya cika gangara kuma, ruwa yana kwashe ƙasarsa. Abin da ake so shi ne gangara 'yar kaɗan: a kowace mita 100 ƙasa ta sauka da mita 1 zuwa mita 5, kada ta wuce haka. Ba ku da na'urar awo? Ku tambayi manoma da makiyayan wurin. Su suka san inda ruwa yake bi da damina da inda yake kwana. Ku dubi ƙasar da idonku: idan ta tsattsage ta yi baƙi ƙirin da rani, akwai alamar za ta zama taɓo mai danƙo idan ruwa ya sauka. Idan kun ga tarkacen ciyawa da leda sun maƙale a jikin reshen bishiya, ruwa ya taɓa kaiwa nan.

Abin da ya faru a Bangaladash ya isa misali. Daga watan Agustan 2017, 'yan ƙabilar Rohingya sama da 700,000 suka tsallako daga Miyanma cikin 'yan watanni. Babu lokacin zaɓen wuri. Suka sauka a kan tuddan Kutupalong, aka sare daji don samun fili da itacen girki, aka yi bukkokin gora da tampol a jikin gangara. Da saiwoyin bishiyu suka tafi, ba abin da ke riƙe ƙasa, kowace damina sai an yi fama da zaftarewar tudu. Don haka idan kuka tarar da bishiya a fili, ku bar ta. Ku tsara gidaje su zagaye ta.

Ga wasu tambayoyin kuma kafin a kafa turke ɗaya. Akwai ruwan sha kusa, wanda ba ya ƙafewa da rani? Motar kaya za ta iya shigowa da damina? Wurin yana nesa da inda ake faɗa? Kuma filin na wane ne? Wannan ta ƙarshe mutane sun fi mantawa da ita, za mu dawo kanta.

Lissafin fili

Murabba'in mita shi ne wuri mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Ku zana shi a ƙasa da sanda, ku tsaya a ciki, ku ga girmansa.

Ƙa'ida ta ce kowane mutum yana bukatar murabba'in mita 45 a sansani. Wani zai ce ai wannan ya yi yawa ga mutum ɗaya. Ba ɗakinsa ba ne kawai. A cikin 45 ɗin nan akwai rabonsa na hanya, da masai, da makaranta, da asibiti, da kasuwa, da wurin rabon kaya, da ɗan lambu. Idan an cire lambun, 30 ne. To mu gwada: mutum 1,000 sau 45 ya ba mu 45,000. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, ke nan ana bukatar hekta huɗu da rabi, wajen filin ƙwallo shida.

Shi kuma ɗaki, wato wurin da ke ƙarƙashin rufi, kowane mutum a ƙalla murabba'in mita 3.5, uku da rabi ke nan. A ƙasashe masu tsananin sanyi, inda ake wuni a cikin ɗaki, ana ƙarawa zuwa 4.5 ko 5.5. Iyali mai mutum 5 suna bukatar 17.5. Ɗaki mai faɗin mita 4 da tsawon mita 4.5 zai ba su 18, ya wadatar. Rufin kuma ya kai mita 2 a wurin da ya fi tsawo, a ƙasa mai zafi ya fi haka, don iska ta samu wurin zagayawa.

Ku gwada da kanku: iyali mai mutum 6, ɗaki mai girman nawa suke bukata?

Igiya mai ƙulli goma sha biyu

Ga dabarar da magina suka daɗe suna amfani da ita don fitar da kusurwa madaidaiciya. Ku samu igiya mai tsawon mita 12, ku ƙulla ta a kowace mita, ku haɗa bakinta biyu. Mutum uku su riƙe. Na farko ya riƙe mahaɗar, na biyu ya ƙirga mita 3 ya riƙe, na uku ya ƙirga mita 4 daga hannun na biyu ya riƙe. Mita 5 ta rage tsakanin na uku da na farko. Kowa ya ja har igiyar ta miƙe sosai. Kusurwar da ke hannun mutum na biyu ta fita daidai, nan za a buga turke. A maimaita a sauran kusurwoyin. In ana son tabbatarwa, a auna daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a karkace, a auna ɗaya ɓangaren ma. Idan awon biyu ya zo ɗaya, ɗakin bai karkace ba.

Igiyar nan za ta yi muku sauran aikin duka, don haka kada a yanka ta a ɗaure akuya.

Tazara

A nan ne aka fi samun gardama, domin mai neman wurin kwana idan ya ga fili a buɗe, gani yake ɓarna ce. Amma tampol da ciyawa da gora suna kamawa da wuta cikin ƙiftawar ido, kuma a sansani kowace ƙofa akwai murhu. Tsakanin ɗaki da ɗaki a bar mita 2 a ƙalla. Abin da ya fi shi ne a bar ninki biyu na tsayin ɗakin, ta yadda ko ya kama da wuta ya faɗi, ba zai taɓa na maƙwabci ba. Bayan kowace mita 300 ta gine-gine kuma, a bar fili mai faɗin mita 30 wanda ba a gina komai a kai. Ana iya yin hanya a wurin, ko filin wasan yara, ko shuka ganye. Rumfa dai a'a.

A watan Maris na 2021 gobara ta tashi a sansanonin Rohingya na Bangaladash, inda bukkoki suke manne da juna. Ta cinye dubban matsugunai a yini guda, an rasa rayuka, kimanin mutum 45,000 suka sake kwana a fili.

Wahalar ba a barin tazara take ba, a tsare ta take. Yau wani ya ƙara ɗan ɗakin girki, gobe wani ya ja katangar zana, jibi sabbin baƙi sun iso an ce su ɗan raɓa nan kafin a ga abin da hali zai yi. Kafin shekara hanyar ta toshe. Saboda haka a bar fili na musamman tun farko don masu zuwa daga baya da kuma haihuwa, a kuma samu kwamitin unguwa, maza da mata, da zai riƙa zagayawa.

Layi ko zagaye?

Jera tantuna layi-layi kamar barikin soja ya fi sauƙi ga mai ƙirga da mai rabon kaya. Ga mazauna kuwa bai da daɗi: ƙofar kowa a bakin hanya, babu sirri, babu inda uwa za ta bar yaro tana kallonsa. A sansanin Za'atari na ƙasar Jodan, wanda aka buɗe a 2012 don 'yan Siriya, an fara da layi. Mutanen da kansu suka riƙa jan tantuna da ɗakunansu na ƙarfe suna matsawa kusa da dangi, suna fitar da tsakar gida. A ganina sun fi mai zanen gaskiya, kuma da an tambaye su tun farko da an huta.

Tsarin UNHCR yana farawa ne daga iyali mai mutum 4 zuwa 6. Iyalai 16, wajen mutum 80, su ne ƙaramar unguwa. Unguwanni 16 su haɗu su zama rukuni mai mutum kamar 1,250. Rukuni 4 shiyya ce ta mutum 5,000, shiyya 4 kuma sansani mai mutum 20,000. Ba a son ya wuce haka. Tsofaffi da masu naƙasa da matan da ke riƙe da gida su kaɗai, a ba su wuri kusa da ruwa da asibiti, kada a tura su ƙarshen sansani wajen daji.

Masai da ruwa

Masai ɗaya kada ya wuce mutum 20. Unguwa mai mutum 80 ke nan masai 4. Kada ya yi nisa fiye da mita 50 daga ɗaki, kada kuma ya matso ƙasa da mita 6. Tsakaninsa da rijiya a ƙalla mita 30, kuma ya kasance ta ƙasan gangara, rijiya ta sama. Gindin ramin ya tsaya mita 1.5 sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa. A raba na maza da na mata, a sa sakata ta ciki, a sa fitila a hanya. Masan da mace ke tsoron zuwa da dare, da shi da babu duk ɗaya ne, kuma daga nan kwalara take samun ƙofa.

Ruwa lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da wanka. Iyali mai mutum 5 lita 75, kusan jarka huɗu mai lita 20. Famfo kada ya wuce mita 500 daga gida, kan famfo ɗaya na mutum 250, kuma jiran layi kada ya wuce rabin awa.

Ɗaura tampol

Tampol ɗin agaji yakan zo mita 4 da 5, ko mita 4 da 6. Kada a buga ƙusa tsirara a jikinsa, iska ɗaya za ta yage shi. A naɗe bakinsa a jikin sanda sannan a buga, ko a sa marfin kwalba ko guntun roba a ƙarƙashin kan ƙusar. Inda babu ƙusa, a dunƙule ƙaramin dutse mai santsi a cikin tampol ɗin, a ɗaure igiya a wuyansa, a ja zuwa turke. A ja shi ya yi tsam, don wanda ke kaɗawa shi ke saurin mutuwa. Rufin ya yi gangara sosai kada ruwa ya kwanta a kai. A haƙa 'yar kwata kewaye da ɗaki a haɗa ta da babbar magudana, ƙasar da aka haƙo a zuba ta a ciki a daɓe, daɓen ya ɗara waje tsawo. A rataya labule a raba ɗakin biyu. Murhu a waje, ta gefen da iska za ta kwashe tartsatsi nesa da bango.

Maganar mai fili

Babu filin da ba shi da mai shi. Ko na gwamnati ne, ko na gari, ko gonar gado, ko burtalin da dabbobi ke bi wata uku a shekara. Kafin a fara gini a zauna da masu wurin da hukuma, a rubuta yarjejeniya: iyakar filin, tsawon lokaci, ko akwai haya, da yawan kwanakin sanarwa kafin a ce a tashi. Kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Wannan ya shafi har waɗanda ba sa sansani, domin yawancin masu gudun hijira a duniya cikin gari suke, a gidan haya ko gidan dangi ko kangon gini. Idan aka miƙo muku takarda, ku karanta ta layi bayan layi kafin ku sa hannu, abin da bai fito sarai ba ku ce a maimaita. In an haƙa rijiya ko an gina makaranta, a bar mutanen gari su ma su amfana, don sun ba da ƙasarsu da itacensu.

Aikin wannan mako

Ku kasu uku-uku, ku yi igiya mai ƙulli 12, ku fitar da ɗakin iyali mai mutum 6 a filin makaranta. Ku auna tazarar mita 2, ku fitar da na biyu a gefensa. Sannan a littafinku ku lissafa wa mutum 400: fili nawa suke bukata, masai nawa, ruwa lita nawa a rana. Ku zo da igiyar ranar darasi na gaba, da ita za mu auna hanya da magudanar ruwa.