Getir ɗin ƙafar baya: yadda ake ɗaura wa dokin tsallake ba tare da an cuce shi ba

Tun da muka fara jera sanduna a kan durom a wani fili can bayan gari nan Garwa a Kamaru muna koya wa dawakai tsallake, tambaya ɗaya ce take ta dawowa, wai wannan abun da ake ɗaura wa doki a ƙafar baya na meye, kuma wai shine yake sa dokin Turawa yake cilla ƙafa sama haka in ya zo kan sanda? Toh bari in yi bayanin sau ɗaya in huta, don wallahi na gaji da ganin yara suna ɗaure ƙafar doki tamau kaman ana ɗaure bakin buhun gero.

Masu Faransanci suna ce mishi furotej-bule, mu dai getir muke cewa duka, na gaba da na baya. Na gaba dogo ne, yana rufe jijiyar bayan kwauri don kar kofaton baya ya sare ta lokacin da doki ya dira, kuma da gangan ake barin gabanshi a buɗe saboda in dokin ya taɓa sanda ya ji a jikinshi. Na baya kuwa gajere ne, ɗan ƙoƙo ne mai tauri da yake zama a kan idon sawu ta ciki, an yi mishi shimfiɗa mai laushi, sai maɗauri. Aikinshi guda ne tak. Doki in ya dunƙule zai tashi, ko ya dira zai sha kwana da gudu, ƙafafun bayan suna matsowa kusa da juna har kofaton wannan ya gogi idon sawun waccan, wajen kuma ba nama, fata ce da ƙashi, ɗan bugu kaɗan sai jini ko kumburi. Garkuwa ce kawai. Ba ya tallafe jijiya, ba ya ƙara wa doki ƙarfi, duk mai sayarwan da ya ce maka yana hana targaɗe kuɗinka yake so.

Kafin ma ka kashe sefa ɗinka, duba ko dokin naka yana gogar ƙafa. Ka sa wani ya ja shi da ragama a ƙasa mai tauri kai kuma ka tsaya can baya nesa kaɗan kana kallon yadda ƙafafun suke wuce juna. Ka shafa idon sawun ta ciki, in gashin wajen ya ƙoƙe ko akwai tsohon tabo toh magana ta ƙare. In kana kokwanto samu alli irin na lekol ka goga a gefen kofato ta ciki, ka ɗan zagaya da shi, in ka sauka za ka ga inda farin ya manne a ɗaya ƙafar. Wani lokacin ma ba halittar dokin ba ce, yankan kofato ne aka yi a karkace, ko dokin ya rame, ko ƙarami ne bai gama haɗa ƙarfi ba, ko gajiya ce kawai. Wanda laifin na kofato ne a kira mai yanka ya gyara tukuna, getir ba zai miƙe abun da wuƙa ta karkata ba.

Wajen saye kuma babbar matsalarmu girma ne. Yawancin waɗanda suke shigowa, sabbi ko gwanjo, an yi su ne don manyan dawakan Turai masu ƙashi kaman na raƙumi, namu na nan da ake hawan fantaziya da su, wato sukuwar ranar biki, ƙafarsu siririya ce, balle ɗan guntun dokin nan na bakin kogin Logone da ƙabilar Musai suke kiwo. In ka ɗauko babba zai riƙa juyawa, ƙoƙon ya koma gaba ko ya zame ƙasa, sai ka ga mutum yana ta ƙara matsewa don ya tsaya, daga nan ne ɓarnar take farawa. Ɗauki igiya ka auna kewayen ƙafar saman idon sawu kaɗan, ka tafi da igiyar a aljihu, mafi yawan namu matsakaici ko na ƙananan dawakai ne yake zama musu. Sa yatsa ciki ka shafa ko'ina, in ka ji ɗinki ya taso ko robar ta tsage ta yi kaifi ajiye musu kayansu. Ka buɗe sikirac ɗin, wato maɗaurin nan mai ƙaya-ƙaya da yake mannewa da kanshi, ka manna ka ja, in ya saki da sauƙi ya mutu. Wasu suna kai wa dukawan Marwa samfur a ɗinka musu na fata, ni ban ƙi ba, hannunsu yana da kyau kuma fata tana shan iska fiye da roba, amma ka tsaya a kai a yi cikin sumul, ban da ƙusa ban da ado ta ciki, kuma ka san fata in ta sha gumi ta bushe ba a shafa mata mai ba tauri take kaman ƙirgi.

Yanzun ɗaurawa. Fara goge ƙafar da buroshi tas, ka bi da tafin hannu, ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga tsakanin getir da fata aikin sanfefa za ta yi. Ƙafar ta zama a bushe, in akwai ciwo ko ƙurji a wajen a haƙura da tsallaken ranar gaba ɗaya, ba a rufe ciwo da roba. Tsaya a gefen dokin kana fuskantar wutsiya, ɗora hannu a kan ɗuwawunshi ka shafo zuwa ƙasa don ya san kana nan, ka tsuguna amma dan Allah kar ka durƙusa gwiwa a ƙasa kuma kar ka zauna, in ya zabura kana buƙatar tashi cikin ƙiftawar ido. Ƙoƙon mai tauri ciki yake kallo, wato ɓangaren ɗaya ƙafar, maɗaurin kuma a waje yake rufewa, bakinshi yana kallon baya. In ka ga bakin maɗaurin yana kallon gaba ko ya faɗo ta ciki toh ka sa na hagu a dama ne, sauya. Dalili kuwa, in yana ciki ɗaya ƙafar za ta bi ta kanshi ta ɓalle shi, in yana kallon gaba ciyawa da sanda za su buɗe shi. Ka ɗora getir ɗin sama kaɗan da inda zai zauna sannan ka zamo da shi ƙasa har ƙoƙon ya hau kan idon sawun daidai, ta haka gashin zai kwanta yadda Allah ya yi shi ba a tayar da shi ba. Sai ka rufe.

Matsin fa? Yatsanka ɗaya ya iya shiga tsakanin maɗauri da ƙafa ba tare da kokawa ba, kuma in ka kama getir ɗin ka murɗa kar ya juya. Tsakanin waɗannan biyun ne daidai. In mai maɗauri biyu ne su zama matsi ɗaya, ba na sama tamau na ƙasa sakwaf ba. Ka ja dokin ya yi taku goma sha, ka sake dubawa. Ranar farko kar ka tsorata in ka ga yana ɗaga ƙafa sama-sama kaman zakara a cikin ruwa, ko yana harbin iska, baƙon abu ya ji, ka bar shi ya yi ta tafiya a hannu har ya manta, kwana biyu uku ana kilisa da shi kafin a nuna mishi sanda.

Wannan ɗaga ƙafar da yake yi ranar farko, ita ce asalin maguɗin da ya sa ake ta surutu a kan getir ɗin baya a can waje. Mutane sun gano in aka yi shi dogo aka sa mishi roba mai ja sosai aka matse jijiyar dab da shiga fili, doki don jin zafin matsin sai ya riƙa cilla ƙafafun baya sama fiye da yadda ya saba, sanda ba ta faɗuwa, a ci kofi, mai sayar da doki kuma ya tsuga kuɗi. Hukumar wasannin doki ta duniya, FEI, wadda take Lozan a ƙasar Suwizalan, ta hana irin waɗannan daki-daki, 2019 aka fara da gasar yara da ƙananan dawakai, 2020 matasa, daga 2021 kowa da kowa. A gasar dawakai masu ƙarancin shekaru tsawon getir ɗin ta ciki kar ya wuce santimita 16, maɗaurin sikirac ne wanda ba ya miƙewa, faɗinshi aƙalla santimita 5. A manyan gasa an yarda da mai ƙoƙo ciki da waje har santimita 20, amma ban da maɗaurin da ake zura shi cikin zobe a juyo da shi baya don ƙara matsi. Kuma duk abun da aka ɗora wa ƙafa ɗaya, in ka cire takalmin ƙarfe, kar nauyinshi ya wuce giram 500. Akwai masu duba ƙafa a bakin fili, suna iya cewa a kwance a sake ɗaurawa a gabansu. Za ka ce mu ina ruwanmu da Lozan muna tsallake durom a Garwa. Ruwanmu shine kayan da aka hana can ba ƙona su ake ba, irinsu ne suke iya ɓullowa cikin gwanjo da araha, yaro ya gani ya ce wannan mai kyau ne dogo. Kuma dokin da ya saba tsallake da matsi ranar da ka cire shi ka koma gidan jiya, ƙari a kan haka mai cilla baya fiye da kima yana iya kifawa ta gaba da kai a kanshi.

Abun da ya fi damuna ma a nan ba wannan ba ne, zafi ne. Doki in yana sukuwa cikin jijiyar ƙafarshi da kanta yana ɗaukan zafi har wajen digiri 45, iska da gumi ne suke sanyaya ta, kai kuma ka zo ka nannaɗe wajen da roba a watan Maris ko Afrilu da garin nan yake wuce 40 a inuwa. Shi ya sa masu gashin tunkiya a ciki, masu kyau a hoto ɗin nan, ka bar wa mutanen ƙasar sanyi, nemi mai huji-huji mara nauyi. Ɗaura shi in za a fara aiki, kana sauka kafin ma ka kwance sirdi ka cire shi, ka zuba wa ƙafafun ruwan sanyi da tiyo ko bokiti, ka shafa ka ji ko akwai inda ya fi zafi ko ya tasa.

Ni kaina sai da na yi wautar. Shekarun baya na samu wasu na gwanjo, murna ta sa na ɗaura wa wani jan dokina tun da asuba, muka gangara yashin bakin Binuwai, muka dawo ta cikin ɗan ruwa, na ɗaure shi a turke da getir ɗin a ƙafa na tafi kasuwa wai zan sake hawa da yamma. Dattijon da yake kula mana da barga, wanda tun zamanin mahaifina yake tare da mu, shi ya tare ni a ƙofa da la'asar da getir ɗin a hannu, ya juye shi yashi ya zubo. Ya ce ɗana, kai za ka iya wuni da jiƙaƙƙen takalmi cike da yashi? Na ce a'a Baba. Ya ce toh je ka duba ƙafar. Fatar ta saluɓe ta ciki wajen faɗin kwabo a ƙafa biyun, ƙuda har sun samu wajen zama, sai da muka yi kusan sati uku ana wankewa ana shafa magani ba hawa, hawan sallah ma da aron doki na yi shi. Baba bai sake tada maganar ba, amma har yau in na sauka ido yake zuba wa ƙafar dokin ba ni ba.

Wanki ba wuya, ruwa da ɗan sabulu, a ɗauraye sosai don sauran sabulu yana cin fata, a shanya a inuwa ba kan kwano ba, ranar nan tana gasa roba ta ƙage. Kar a sa shi da danshi washegari, in kana hawa kullum gara ka mallaki biyu kana musanyawa. Kuma kar a yi ta yawo da getir ɗaya daga wannan doki zuwa wancan ba wanki, haka ƙazuwa da makero suke zaga barga. Sai ƙarangiya, duk wanda ya bi daji da kaka ya san ta, tana cika sikirac har ya daina kamawa. Ni tsohon buroshin haƙori nake ajiyewa da allura a cikin gwangwani kusa da sirdi, in na gama tsincewa sai in manne maɗaurin a rufe kafin in rataye.