Yadda na raba wutar janareta da ta layi

Shekara biyu ina haɗa janaretana da waya mai filogi biyu, ɗaya a inji, ɗaya a soket ɗin falo. Dabarata ita ce in kashe babban makunnin gida kafin in tayar. Wata rana da daddare na manta, aka dawo da wuta inji yana aiki. Ƙara ɗaya na ji, sai ƙauri, kwayil, wato naɗin wayar da ke cikin injin, ya ƙone.

Da mai gyaran wuta ya zo, ko kallon injin bai yi ba. Ya ce, "Malam, ka auna arziki. Wutar injinka komawa take yi kan layi, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt. Ma'aikacin da ke kan turke yana zaton babu wuta, sai ta kama shi." Jikina ya yi sanyi.

Sai ya saka canjoba, wato makunnin sauya wuta, tsakanin mita da akwatin raba wuta. Hannunta matsayi uku gare shi: layi, kashe, janareta, don haka wutar biyu ba ta da hanyar haɗuwa. Ya ja waya mai kauri zuwa injin, ya kafa masa ƙarfen as a ƙasa, wato sandar da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa.

Injin kuma mun fitar da shi fili, mita 6 daga taga, saboda iskar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari amma tana kisa. Yanzu nakan tayar, in bari muryarsa ta daidaita, in juya canjoba, sannan in kunna kaya ɗaya bayan ɗaya, firji a ƙarshe. Tsohuwar wayar nan kuwa na datse mata kai.