Darasi na 9: Barin Sigari Tun Daga Gadon Asibiti

Wanda aka kwantar a asibiti a Garwa ko Marwa, ko ya so ko bai so ba, dole ya ajiye sigari, don ba a shan taba a ɗakin marasa lafiya. Inda akwai tukunyar oksijin ma, ƙyasta ashana kaɗai na iya tayar da gobara. Wannan hutun dole dama ce ga nas da mai jinya, musamman idan ciwon zuciya, tarin fuka, asma ko tiyata ce ta kawo mutum. Taba na rage jinin da ke isa fata, shi ya sa ɗinkin mai shan taba ke daɗewa bai haɗe ba.

A ranar farko a tambaye shi abu biyu: kara nawa yake sha a rana, kuma in ya farka da safe, minti nawa yake yi kafin ya kunna na farko. Da amsarsa ake auna magani. Faɗa ba ya amfani. Gara a ce, “Baba, ɗinkin nan zai fi saurin warkewa in babu hayaƙi. A kawo maka abin da zai rage maka kwaɗayin tabar?”

In jiki ya rasa nikotin, wato sinadarin da ke cikin taba mai sa kwaɗayinta, mutum kan yi saurin fushi, barci ya ƙi, hankali ya ƙi tsayawa. Abin ya fi tsanani a kwana na 2 da na 3, ya lafa cikin mako 2 zuwa 4. Masu jinya kan ɗauka ciwon ne ya tashi, wani ma tausayi ya sa ya shigo masa da kara ɗaya a ɓoye. Wannan tausayin cuta ne.

Filastar nikotin ta fi sauƙin amfani. Mai shan fiye da kara 10 a rana kan fara da ta miligiram 21 na mako 6, sai ta 14 mako 2, sai ta 7 mako 2. Ana manna sabuwa kowace safiya a dantse ko ƙirji, inda fata take bushe kuma ba gashi, a riƙa sauya wuri don kada ta yi ƙaiƙayi. A zafin Maris da Afrilu gumi kan ɓalle ta, sai a share wurin sosai, a danne da tafin hannu kafin a saki. In ta hana barci, a cire ta da dare.

Cingam na nikotin kuwa, a nan aka fi kuskure. Ba a tauna shi kamar na yara. A tauna a hankali har a ji ɗan yaji, a ajiye shi a kumatu, in yajin ya tafi a sake taunawa, har wajen minti 30. Wanda ya yi ta taunawa yana haɗiye yawu, shaƙuwa da ƙwannafi zai samu. Kada a sha kofi ko lemo minti 15 kafin a sa shi. Mai kunna sigari cikin minti 30 da farkawa na miligiram 4 yake bukata, saura na 2. Haɗa filasta da cingam ya fi ɗaya shi kaɗai aiki.

Akwai ƙwayoyi kuma, sai likita ya rubuta. Varenicline mako 12 ake sha, bayan cin abinci, saboda tana sa tashin zuciya, kuma ana rage wa mai ciwon ƙoda. Bupropion ba a ba mai farfaɗiya. Mace mai ciki ta sanar da likita tun farko. Mai shan theophylline don asma shi ma ya faɗa, domin in ya bar taba maganin kan taru a jini.

Inda aikin ke lalacewa shi ne bayan sallama. Ya koma majalisar shayi, abokai na miƙo masa kara, ga mai tebur a bakin ƙofa yana sayarwa ɗai-ɗai. Shawarar da aka bayar a asibiti ba ta cika ɗorewa ba sai an ci gaba da bibiyar mutum fiye da wata 1. Kafin ya fita a tabbatar yana da maganin da zai ishe shi, a rubuta ranar dawowa a katinsa, a karɓi lambar wayarsa. Iyali su kwashe sigari da ashana daga ɗakinsa. In kwaɗayin ya taso, 'yan mintuna ne ya wuce: ya sha ruwa, ya yi asuwaki, ya tashi daga wurin. In ya zame ya sha kara ɗaya, kada ya jefar da maganin, ya ci gaba da shi, ya faɗa wa nas a kira na gaba.