Yadda na gyara mofin ɗin rubab da yake ta caɓe min a ciki

Alhamdulillah, karo na huɗu mofin ɗin (ƙaramin kek ne da ake gasawa a kofin takarda) ya yi kyau, na gode wa maƙwabciyata da ta nuna min.

Rubab wani kara ne ja mai tsami kamar yakuwa, nan Ingila ana noma shi sosai wajen Wakefield, karan kawai ake ci, ganyen guba ne. Duk sanda na gasa mofin ɗin, sama ya yi ja gwanin sha'awa amma in na ɓare sai in ga cikin ya caɓe, rubab ɗin duk ya taru a ƙasa har takardar ta jiƙe jagab. Na ɗauka bakin foda ce ta lalace na sayo sabuwa, ba ita ba ce, na ƙara minti 10 a oben sama ya ƙone ciki na nan yadda yake.

Ashe ruwan rubab ɗin ne, yana tsatsowa cikin kwaɓin. Ga abin da na yi: na yanka giram 250 ƙanana kamar santimita 1, na barbaɗa suga cokali 2 na bar shi minti 30 a matsami, wallahi ruwan da ya fita ya ban mamaki. Na tsane shi da tawul mai tsabta, na juya shi cikin fulawa cokali 1, sai a ƙarshe na zuba a kwaɓin na juya sau kaɗan kawai, kar a yi ta bugawa. Oben a digiri 200 na Celsius na minti 5, sannan na rage zuwa 180 na minti 17. Na soka tsinke ya fito a bushe.