Yadda Za Ki Ɗinka wa Yaro Rigar Sallah a Gida

Kafin ki tafi Babbar Kasuwar Katsina sayen yadi, ki ɗauki awon yaron: kafaɗa, ƙirji, hannu da tsawo. Idan yadin na auduga ne, ki wanke shi ki goge kafin ki sa masa almakashi, domin yakan tsuke bayan wankin farko.

Ki zana da alli, ki bar inci ɗaya na ɗinki, a ƙasan rigar kuwa ki naɗe inci biyu da za a iya warwarewa daga baya, saboda yara suna saurin girma, kuma a ganina asara ce rigar ƙaramar Sallah ta kasa kaiwa babba.

Ki fara kama ɗinkin da zare da allura, ki gwada a jikinsa, sannan ki hau keke.